Kafin Menu Ya Yi Rawa, Ya Fara Buɗewa Tukuna

 

Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo da ginin taurari, mu taɓo wani abu da a ido ya fi kama da aikin masu kwamfuta, amma kuɗinsa daga aljihun marubuci yake fita, asararsa ma a kan marubuci take ƙarewa. Tun da OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, ga kuma yadda ake kwafe littafi a WhatsApp a goge sunan mai shi kafin gari ya waye, tunanin mallakar shafin intanet na kai ya ƙara shiga ran marubutanmu. Wani ya buɗe a Blogger, wani a WordPress, wata kuma ta tara kuɗi ta ba wani matashi ya gina mata. Wannan abin a yaba ne. Inda muke da magana shi ne ranar da maginin zai nuna aikinsa.

Abin da yake fara nunawa shi ne menu. Ya taɓa 'yan layukan nan uku da ke kusurwar sama, sai ga wani allo ya sulalo daga gefe, sunayen sassan shafin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan yi tsalle kafin ya zauna, bayan shafin ya dushe kamar an saki labule. Marubuci ya ce masha Allah, ya biya. Ra'ayinmu a nan shi ne, wannan rawar ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a biya wa kuɗi, kuma a shafuka da yawa ita ce ke tsaya wa mai karatu a ƙofa.

Menu dai shi ne zauren gidan. Daga nan ake sanin ina littattafai suke, ina gajerun labarai, ina tarihin marubuci, ina lambar da za a tuntuɓa don sayen ci gaban labari. A littafin takarda shi ne shafin abubuwan da ke ciki. Layukan ukun nan kuwa sun girmi yawancinmu: wani mai zane, Norm Cox, shi ya zana su domin kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan burodin nan nasu mai nama a tsakiya. Zuwan wayar hannu mai ƙaramar fuska ne ya dawo da su, domin babu wurin baje sassan shafi gaba ɗaya.

Mu da muka ɗan zauna a ajin kwamfuta a foli, abin da aka fara koya mana shi ne shafi kashi uku ne. HTML shi ne rubutun da ƙashin ginin. CSS shi ne tufafin: launi, girman harafi, inda kowane abu zai zauna. JavaScript kuma, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ne ke ba shafin umarnin yi kaza idan an taɓa kaza. Motsin da muke gani ba motsi ba ne na gaske. Burauza ce ke sake zana fuskar wayar kamar sau 60 a cikin sakan ɗaya, kowane zane da ɗan bambanci da na baya, ido ya ɗauka abu ne ke tafiya. Ke nan kowane zane yana da kusan kashi 16 cikin 1000 na sakan. In wayar ta kasa gamawa a wannan ɗan lokaci, sai a ga menu yana tafiya yana cijewa kamar keken da sarƙarsa ta yi tsatsa.

A da, JavaScript ne ke ɗaukar wannan aikin kacokan: ya ƙara tsawon menu kaɗan, ya jira, ya sake ƙarawa, har ya buɗe. A 2006 John Resig ya fitar da jQuery, wani kundin umarni da aka riga aka rubuta, wanda ya mayar da wannan wahala layi ɗaya. Ka rubuta umarni guda, menu ya sauko cikin kashi 400 cikin 1000 na sakan. Duniya ta rungume shi, kuma har yau samfuran shafi na kyauta da ake saukewa don Blogger da WordPress da yawansu da shi suke tafiya.

To ina matsalar? Ta farko, kuma babbar, ita ce yadda ake ɗaura ƙofar gaba ɗaya a wuyan JavaScript. Tsarin da aka saba shi ne CSS ya ɓoye menu, sannan JavaScript ya fito da shi idan an taɓa layukan. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Rubutun shafin shi ke fara isowa, domin ba shi da nauyi. Fayil ɗin JavaScript kuwa sau da yawa daga wata saba daban ake ɗauko shi, a wata ƙasa. Mai karatu yana zaune a Gumel ko Tasawa, sabis yana hawa yana sauka, rubutu ya iso, fayil ɗin bai iso ba. Ya taɓa layukan uku, shiru. Ya sake taɓawa, shiru. Babu saƙon da zai gaya masa me ya faru. A wurinsa shafin ya lalace, ko wayarsa ce ta lalace, kuma babi na goma sha biyu da ya kwana yana jira yana nan a bayan ƙofar da ta ƙi buɗewa. Ba zai rubuto ya yi ƙorafi ba. Zai koma guruf ya tambaya ko akwai mai dakumen ɗin littafin, kuma za a samu mai shi.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mana rai. An gina shafin ne don a tsere wa masu kwafe, sai ga kwalliyar shafin da kanta tana kora mai karatu wurinsu.

Akwai kuma masu amfani da Opera Mini, kuma a cikin masu karatunmu ba kaɗan ba ne, saboda tana tattalin data. A yanayinta na matsanancin tattali, ba wayar ce ke sarrafa shafin ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi can, su matse shi, su turo wa wayar sakamakon. JavaScript yana aiki ne iya ɗan lokaci a can, ba a hannun mai karatu ba. Saboda haka sulalowar nan ba za ta faru ba sam, kuma taɓa layukan kan sa a sake komawa can a ɗauko shafin. In an yi sa'a ya dawo da menu a buɗe. In ba a yi ba, sai haƙuri.

Mu ɗan yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Babi mai kalma 2000 bai wuce haruffa kusan 12,000 ba, wato kimanin kilobait 12. jQuery shi kaɗai, bayan an matse shi, yana kai kilobait 30. Ke nan kafin a karanta kalma ɗaya ta labarinmu, an sauke nauyin babi biyu da rabi don menu ya yi taku. Gaskiya ne sau ɗaya ake sauke shi, burauza ta ajiye, kuma kilobait 30 ba shi zai talauta kowa ba. Amma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da kundin tsalle-tsalle, da kundin 'yan hotunan alamomi, da na hotunan da ke zagayawa a saman shafi, da salon haruffa biyu ko uku. Kuma JavaScript ba kamar hoto ba ne da za a sauke a nuna. Sai wayar ta karanta shi, ta fassara, ta aiwatar, a lokacin kuwa ba ta sauraron yatsan mai ita. A babbar waya ba a ji. A ƙaramar Itel ko Tecno da ta shekara uku a hannu, cike da hotunan biki da saƙonnin murya, ana ji sosai. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashi. Mai karatu da ke sayen data ta kwana ɗaya ya san abin da kowane shafi ke ci masa, ko da bai san sunan abin da ya ci ba.

Wani abin kuma daga kujerar maginin yake tasowa. Shi a laftof yake aiki, da linzamin kwamfuta a hannu. Sai ya tsara menu mai hawa-hawa: ka ɗora kibiya a kan Littattafai, jerin rukunai ya zubo, ka matsa kan Soyayya, sunayen littattafai su fito ta gefe. A laftof gwanin sha'awa. A waya babu kibiyar da za a ɗora. Yatsa ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Sai mai karatu ya taɓa Littattafai, jerin ya fara zubowa, kafin ya gama shafin ya riga ya tafi wani wuri.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda wanda ya zana samfurin a Amurka ko Indiya bai taɓa tunaninsa ba. Shi ya auna menu ɗinsa da gajerun kalmomin Turanci guda biyar ko shida. Mu kuma za mu sa Shafin Farko, Gajerun Labarai, Littattafan da Aka Kammala, Yadda Za a Biya Kuɗin Karatu. Kalma ɗaya ta koma layi biyu. Ga wata dabara da masu motsa menu ke yawan yi: da yake CSS ya daɗe ba ya iya sulalo da abu zuwa tsawon da ba a sani ba, sai su yanka masa iyaka, su ce ya buɗe har zuwa tsawo kaza. Muddin jerin bai wuce iyakar ba, lafiya lau. Ranar da ya wuce, abin da ke ƙasa ya yanke, ba a ganinsa, ba a kuma iya jawo shi. Littafin Hausa na intanet kuwa mun san halinsa, feji 80, feji 100, wani har ya zarce. A watan farko komai daidai. A wata na huɗu sababbin babukan, waɗanda su ake nema, su ne suka faɗa ƙasan iyakar. Marubuciya tana ta sanarwa ta ɗora sabon babi, masu karatu suna cewa ba su gani ba, ita kuma ta buɗe a nata ɓangaren na mai shafi ta ga yana nan.

Haka salon nan na fitowa ɗaya bayan ɗaya. A ce tsakanin kowane suna da na bayansa an sa jinkirin kashi 50 cikin 1000 na sakan. Suna shida, kashi 300, ba laifi. Babi 100, sakan biyar cur kafin na ƙarshe ya bayyana. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai ƙugiyoyinmu. Salon haruffan ado da ake zaɓa wa menu da yawansu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Burauza sai ta aro harafin daga wani salo daban, ka ga Ƙagaggun Labarai da Ƙ ɗinsa ya fi sauran kauri ko ya karkace, a wasu wayoyin ma ɗan akwati ne zai fito a wurin. Abin takaici a ce kalma tana shigowa da tsalle da juyi amma ba a rubuta ta daidai ba. Mu da ke gyara wa juna ƙa'idojin rubutu a wannan zaure kullum, wannan ya fi cancanta mu tsaya a kai.

Akwai kuma bambanci tsakanin mai kallo sau ɗaya da mai shiga kullum. Marubuci ya ga rawar ranar da aka miƙa masa aiki, ta burge shi. Mai karatun da labari ya kama zai buɗe menu ɗin nan sau ashirin a dare ɗaya. Jakob Nielsen, a littafinsa na 1993 kan sauƙin amfani da manhaja, ya kawo ma'aunin da har yau ake aiki da shi: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum yana jin nan take ne, in ya kai sakan ɗaya, ya lura da jinkirin amma zaren tunaninsa bai tsinke ba, in ya doshi sakan goma, hankali ya tafi wani wuri. Mu marubuta ai zaren nan shi ne jarinmu. Mun ɓata dare muna gina ƙarshen babi yadda mai karatu ba zai iya ajiyewa ba, sannan mu sa masa labule mai jan ƙafa tsakaninsa da babi na gaba.

Kada a ce mun tsani motsi. Yana da aikinsa, kuma masu kare shi suna da hujja. In menu ya faɗo kwatsam ya rufe fuskar waya, wanda bai saba ba kan ɗauka an kai shi wani shafin, sai ya danna komawa baya ya fice gaba ɗaya. In kuwa ya ga allon ya shigo daga hagu, ya gane abu ne da aka jawo, kuma ya san inda zai mayar da shi. Wannan bayani ne ake yi wa ido, kuma iyayenmu da ƙannenmu da ba su daɗe da fara riƙe babbar waya ba suna amfana da shi. Amma motsin da ke wannan aikin gajere ne, kashi 200 zuwa 300 cikin 1000 na sakan, sau ɗaya, ta fuska ɗaya. Kuma yau ba ya buƙatar jQuery. CSS yana yinsa da kansa, musamman in aka yi amfani da umarnin transform da opacity, wato gusar da abu da dusar da shi, waɗanda waya ke yi ba tare da ta sake auna shafin gaba ɗaya ba. Canza tsawo ko faɗi shi ke tilasta mata sake lissafin inda komai zai zauna a kowane zane, shi ne kuma ke kawo cijewar nan. Aikin JavaScript bai wuce ya ce a buɗe ko a rufe ba, layi kaɗan. HTML ma yana da nasa, details da summary, da ke buɗewa su rufe ba tare da JavaScript ko layi ɗaya ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a zuciya, kuma mun sha jin ta a tarukan ƙungiya. An daɗe ana raina rubutun Hausa, ana ce masa na kasuwa, na 'yan mata, na marasa aikin yi. In marubuci ya samu shafin da ke walƙiya kamar na manyan kamfanoni, yana jin ya rama. Mun fahimci wannan, mu ma muna son a ga namu a girmama. Sai dai ku buɗe BBC Hausa ko Wikipedia ta Hausa a wayarku ku ƙirga abubuwan da ke tsalle. Ba za ku samu da yawa ba, kuma ba rashin kuɗi ko rashin gwanaye ya hana su ba. Sun san wayar da ke hannun mai karatunsu. Shafin da ya buɗe da wuri, rubutu ya fito tas da ƙugiyoyinsa, ba a sha wahalar neman babi ba, shi ne mai karatu ke ɗauka da daraja, ko da ba zai iya faɗin dalili ba.

Tarihi ma ya taɓa yanke hukunci a kan wannan. A shekarun 2000, gayen shi ne a gina menu da Flash, mai kiɗa da walƙiya da maɓallan da ke juyawa. Apple ya ƙi sa Flash a iPhone, Steve Jobs ya rubuta wasiƙarsa a kan haka a Afrilun 2010, daga ƙarshe Adobe ya daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020. Duk shafin da ƙofarsa ta Flash ce, rubutunsa na iya kasancewa yana nan a saba, amma hanyar shiga ta toshe. Shafin farko na duniya kuwa, wanda Tim Berners-Lee ya ɗora a CERN a 1991, rubutu ne zalla da mahaɗai, kuma har yau yana buɗewa a kowace waya. Ruwan Bagaja ya fito a 1934, ana karanta shi har gobe. Wanda ke rubutu da fatan a karanta shi bayan shekara talatin bai kamata ya rataya ƙofar littafinsa a kan yayin da ba zai kai shekara biyar ba.

Kada mu manta da 'yan uwanmu makafi da ke karatu da TalkBack, manhajar Android da ke karanta musu abin da ke fuskar waya. In layukan ukun hoto ne kawai ba a sa musu suna ba, ba abin da za ta faɗa musu mai amfani. In kuma menu an gusar da shi gefe ne kawai ba a ɓoye shi da gaske ba, sai ta yi ta karanto sunayen da ba sa kan fuska. Akwai kuma waɗanda yawan motsi ke sa su jiri, har suka kashe shi a saitin wayarsu. CSS yana da hanyar gane wannan zaɓi ya girmama shi, layi uku ne ko huɗu. Magini nagari ya san su.

Saboda haka in za a miƙa muku shafi, kada ku duba shi a laftof ɗin maginin, a kan wayfai ɗinsa. Ku ari wayar da ta fi kowace tsufa a gida, ku fita da datarku. Ku shiga saitin Chrome, sashen saitin shafuka, ku kashe JavaScript, ku sake buɗe shafin. In har za ku iya kai wa ga jerin littattafai da babuka a haka, ko da babu ado, ginin yana da tushe, sai a ɗora motsi a kai. In layukan uku suka mutu, ku ce a gyara, a sa sassan su bayyana a fili ko a ƙasan shafi duk lokacin da JavaScript bai zo ba. Ku gwada a Opera Mini. Ku sa ya zuba babuka 100 na gwaji a jerin ku ga ko na ƙarshe yana fitowa. Ku rubuta ɓarawo da ɗaki da ƙofa a menu ɗin ku kalle su da kyau.

Abu ɗaya kuma da ba ma son a sassauta a kansa: Babi na Gaba da Babi na Baya kada su shiga menu ko kaɗan. Kamfanin Nielsen Norman ya wallafa bincike a 2016 da ya nuna mutane sun fi amfani da hanyoyin da suke gani a fili a kan waɗanda aka ɓoye a bayan layukan nan. Waɗannan biyun su zauna a ƙarshen kowane babi, manya, da Hausa, mahaɗai na zalla da babban yatsa zai samu cikin duhu ba tare da ya taɓa talla ba. Cikon kuɗin magini kuma ya jira sai an yi wannan gwajin a gabansa.